Ginshiƙin da Aka Cire a Ɗakin Inna

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar magina da 'yan kwangilar gyaran gidaje ta yankinmu na Tarauni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya. Yaya aiki, yaya damina? Allah ya nuna mana ƙarshenta lafiya. Ni dai bana wannan addu'a da hawaye nake yin ta.

Sunana Saratu, ma'aikaciyar jinya ce ni, ina zaune a Gyadi-Gyadi a gidan da mahaifinmu ya bari. Sau biyu ina zuwa ofishinku. A zuwan farko aka ce ka yi tafiya. A na biyu sakatarenka ya saurare ni, ya tambayi takardar yarjejeniya na ce babu, sai ya ce in je in dawo da namijin gidan. Alhaji, babu namiji a gidan. Mahaifinmu ya rasu, mijina yana aiki a Legas, da izininsa na dawo jinyar mahaifiyata. Daga ni sai Inna sai ƙanwata Maryam. Shi ya sa na rubuto maka a fili. Ba zan ambaci sunan ɗan kwangilar a nan ba, yana cikin takardar da na bar wa sakatare. Kowa Injiniya yake ce masa, ni ma haka zan kira shi, ko da yake har yau ban san inda ya samo sunan ba. Kuma ba kuɗina na zo nema ba. Tsoro ne ya sa ni rubutu.

1. Yadda na zaɓe shi

Shekara biyu ke nan Inna tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Gidanmu bene ne: muna ƙasa, ɗakuna uku na sama kuma ɗalibai mata masu koyon aikin jinya ne suke haya. Keken Inna ba ya wucewa ta ƙofar ɗakinta, banɗaki kuma yana can ƙarshen tsakar gida, kullum sai mun tallabe ta mu biyu. Sai na yanke shawarar a haɗe ɗakinta da falo, a faɗaɗa ƙofa, a yi mata banɗaki a ciki.

Kawu Lawan, ƙanin Inna, shi ya kawo min Injiniya. Shaidarsa a kansa ita ce a sahun gaba yake sallah a masallacinsu na Darmanawa, kuma ya gyara wa wani amininsa gida. Injiniya ya nuna min hotunan gidaje a wayarsa, fenti na ta ƙyalli, ga kuma katin ƙungiyarku rataye a wuyansa. Na zo zaman da tambayoyi a rubuce: wane gida ka gyara shekara uku baya in je in gani, wa yake yi maka lissafin nauyin gini, za mu rubuta yarjejeniya? Kafin in buɗe baki Kawu ya ce wannan ɗansa ne, shi ya tsaya masa. Na ninke takardata na mayar jaka. Ni da ba na ba majiyyaci ko maganin ciwon kai sai na duba katinsa, na miƙa wa mutum gidan ubana ba tare da tambaya ɗaya ba, don kada Kawu ya ce na raina shi. Wannan laifina ne, kuma ba na ɗora wa kowa.

2. Ranar da aka cire ginshiƙin

Tsakanin ɗakin Inna da falo akwai wani ginshiƙi mai kauri, tun ina yarinya nake ganinsa, a jikinsa Inna take rataye carbinta. A mako na biyu da fara aiki, bayan ƙaramar Sallah, na fita aikin safe na bar shi a tsaye, na dawo bayan la'asar na tarar babu shi. Injiniya ya ce ado ne kawai, mutanen zamanin da suna son ɓarnar siminti, rodin da ke cikin dekin, wato kankaren da benen yake kai, ya isa ya riƙe komai. Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji. Ɗaki ya yi faɗi, na tura keken babu kowa a kai na ga yana juyawa son ransa. Ya rufe sama da sili mai kyau, ya yi fenti, ya shimfiɗa tayil. Don ruwa ya riƙa sauka da ƙarfi a sabon banɗakin, ya ɗauko babban tankinmu daga tsakar gida ya ɗora shi a barandar sama, daidai kan inda ginshiƙin yake a da. Har godiya na yi masa a kan wannan dabara.

3. Sallamar Malam Sule

Cikin ma'aikatansa akwai wani dattijon birkila, Malam Sule. A kwanakin nan sau uku yana zuwa ƙofar gida ya yi sallama ya ce yana son ganin maigida. Maryam takan amsa daga bayan ƙofa ta ce ai Allah ya yi masa rasuwa. Sai ya yi ta'aziyya, ya ɗan tsaya, ya tafi. Da ta ba ni labari har dariya muka yi, muka ce tsufa ya fara taɓa shi, mutum ya yi ta'aziyya ɗaya sau uku. Daga nan ba mu sake ganinsa a wurin aikin ba, ban kuma tambaya ba.

Sai da damina ta yi nisa na haɗu da shi a asibiti, ya kawo matarsa ganin likita. Muka gaisa, kansa a sunkuye, sai ya ce, "Hajiya, har yanzu a ɗakin nan tsohuwa take kwana?"

Na ce masa e, a nan take kwana. A tsaye a barandar asibiti ya gaya min cewa shi aka fara miƙa wa guduma ya ƙi karɓa, ya ce wa Injiniya nauyin benen a kan ginshiƙin nan yake. A ranar aka sallame shi. Abin da ya kawo shi ƙofarmu sau uku ke nan. Ya ce bai ga yadda zai tsallake ubangidansa ya kai ƙararsa wurin matan gida ba, kuma ya ji tsoron a ce yana ɓata abokin sana'a, a daina kiransa aiki. Na ji haushinsa ƙwarai, har yanzu ma da saura. Amma cikin duk mazan da suka shiga gidan nan da kayan aiki, shi kaɗai ne abin ya dama.

4. Abin da na gani da idona

Ina isa gida na hau tebur na ɗaga silin. Tsaga ce ta ratsa kankaren daga gefe zuwa gefe, ƙaramin yatsana yana shiga. Na hau sama, ɗaliban suka ce ai ƙofar ɗakin tsakiya ta daɗe tana gogar ƙasa, har sun kira kafinta ya rage ta, tayil uku kuma sun fashe ba tare da komai ya faɗo musu ba. A ranar na zubar da ruwan tankin, na roƙi yaran su nemi wani wuri, suka kwashe kayansu.

Na kira Injiniya. Ya ce gini ne yake zama, kowane gini yana yin haka, ya turo mutum ya cike tsagar da siminti ya shafa fenti. Bayan kwana goma ta sake buɗewa, shi kuma ya daina ɗaukar wayata. Na je wa Kawu da maganar, ya ce in yi haƙuri, kada in tona asirin mutum mai iyali.

A asibiti idan kumburi ya ba mu tsoro, mukan zagaye shi da biro mu ga ko zai wuce layin. Haka nake yi wa reshen tsagar da ya sauko jikin bango. Kowace Juma'a ina jan layi a inda ta tsaya. Yanzu layi biyar ne a bangon, kuma ta wuce na biyar ɗin.

Malam Sule ya dawo da kansa, bai karɓi ko sisi ba, ya tokare dekin da manyan katakai huɗu. Ya gaya min ƙiri-ƙiri cewa wannan ba magani ba ne, bai san kwana nawa za su riƙe ba, aikin ya fi ƙarfin birkila, sai wanda ya karanci lissafin gini. Ga inda muka ƙare, Alhaji: saboda keken Inna aka cire ginshiƙi ɗaya, yau katakai huɗu ne a tsakiyar ɗakin, keken kuma ba ya wucewa ta tsakaninsu.

5. Halin da Inna take ciki

Na san za a ce me ya hana in fitar da ita. Na fitar. Mun kai ta gidan Kawu, ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, jininta ya hau har na tsorata. Tun da ciwon ya same ta harshenta ya yi nauyi, amma wannan maganar ta fita sarai: "Nan Malam ya bar ni." Mahaifinmu take nufi. Muka dawo da ita, muka ja gadonta zuwa bakin ƙofa. Duk ɗakunan ƙasa dekin ɗaya ne ya rufe su, babu inda zan ce nan ne tsira.

Ni da Maryam mun gwada fitar da ita da gaggawa, muka ce mata motsa jiki ne. Mu biyu da ƙyar muke kai ta tsakar gida. Idan ina wurin aiki Maryam kaɗai ce, ita kuma ko ɗaga ta zaune ba ta iyawa sai da dabara. Da babbar mota ta wuce ta layinmu sai yashi ya zubo, kowace safiya ina kakkaɓe shi daga mayafin Inna kafin ta lura. Idan hadari ya haɗu ina asibiti, hankalina gida yake komawa, har na fara roƙon abokan aiki su karɓe ni wajen yin allura. Duk sanda wayata ta yi ƙara sai in ɗauka mummunan labari ne daga gida. Ina tsoro, Alhaji, tsoron da ban taɓa ji ba a shekarun da na yi ina ganin ana shigo da mutanen da gini ya danne.

6. Shaidar da ni ma na bayar

Wannan ne ya fi yi min nauyin faɗa. Mako biyu da gama aikin, abokiyar aikina Sista Bilkisu ta zo duba Inna, ta ga sili da tayil, ta tambayi wanda ya yi. Na yabe shi har da rantsuwa, na ba ta lambarsa. Yanzu haka yana ɗora mata bene a kan tsohon gidansu a Unguwar Gano. Na gaya mata komai, amma mijinta ya ce aiki ya yi nisa, kuma ai mutumin ɗan ƙungiya ne. Hoton ɗakin Inna ma, na ji, ya shiga cikin waɗanda yake nuna wa mutane a waya. Sai yanzu na gane irin shaidar da aminin Kawu ya bayar: shi ma fenti ya gani, kamar ni.

Roƙona gare ka

Na farko, ka taimaka ka turo mana injiniya na gaskiya, mai takardar karatu, cikin makon nan, ya faɗa mana ko dekin zai gyaru ko sai an sauke shi. Hakkinsa a wuyana. Ban san yadda ake bambance na gaske da na suna ba, na kuma ji tsoron sake zaɓa da kaina.

Na biyu, ka kira ɗan ƙungiyarku, a dakatar da aikin Unguwar Gano har sai an duba shi. Akwai yara huɗu a gidan.

Na uku, ku fito ku faɗa wa jama'a abin da katinku yake nufi. Idan shaida ce ta ƙwarewa, wa ya jarraba mai shi? Idan kuwa shaidar zama ɗan ƙungiya ce kawai, ku faɗa, mu daina jingina rayukanmu da shi.

Na huɗu, kada a taɓa abincin Malam Sule saboda ya yi magana. Ku kuma gaya wa maginanku cewa duk wanda ya ga haɗari ya faɗa wa wanda ya tarar a gidan, mace ce ko namiji, ko da daga bayan ƙofa ne.

Ga masu karatu kuma da ke shirin gyaran gida, kada ku karɓi shaidar gidan da bai ga damina biyu ba. Ku je da ƙafarku, ku hau sama, ku buɗe ƙofofi ku rufe. Ku rubuta yarjejeniya ko da ɗan uwanku ne, ku sa a ciki cewa ba za a fasa bango ko ginshiƙi ba sai kuna tsaye. Tambayoyin da na ninke na mayar jaka, ku ku yi su.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe amanar da ke wuyanka, ya tsare ka da iyalinka daga kwana a ƙarƙashin abin da kuke tsoro. Ina roƙon ka zo da kanka ka gani kafin in ja layi na shida. Sakatarenka ya san kwatancen gidan. Idan ka iso ƙofar, don Allah kada ka tambayi maigida. Ka yi sallama ka ce Saratu kake nema, zan fito.

Wassalam.

'Yarka,
Saratu,
Gyadi-Gyadi, Kano.