Wasan taubasai ya ci lambun Illa

Sallama gare ku jama'a. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk ɗan Madarumfa zai gane bakin nan. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai tsoho ne marar wayo, shekara biyu na yi a lakol, makarantar boko, aka koro ni saboda surutu, kuma har yau surutun bai sake ni ba.

Bara koperatif ɗinmu na masu lambu a bakin tabki ya ɗauko wata malama daga Maradi da ordinatar, wato kwamfuta, tana shigar da kowane lambu da mai shi da yadda ya same shi. Da yake na fi kowa daɗewa a wurin, ni aka zaunar shaidar iyakoki. Da aka zo kan lambun Illa, taubashina, ɗan ƙanwar babana, sai na ce mata ai wannan bawana ne, lambun ma aro ne babana ya ba su. Illa na zaune yana dariya, har ya ce in na isa in zo in karɓa. Tun muna yara haka muke. Ashe baiwar Allah ba a wasan taubasai a gidansu, ta rubuta aro.

Shekara guda shiru. Daga baya malamar ta bayyana mini cewa manhajar da ke cikin ordinatar tana da matsala a lokacin, ba ta haɗa bayanin mutum da na fili, kowanne na zaune shi kaɗai. Sai watan jiya masu ita suka gyara, aka yi abin da malamar take kira mizajur, wato sabuntawa, komai ya haɗu da ɗan'uwansa. Lambun Illa ya koma ƙarƙashin gidan babana, ruwan motopomp kuma, injin ban ruwan koperatif, mai lambu ake ba. 'Ya'yan yayana da ke Ɗan Issa suka gani a waya, suka zo wai gadon kakansu. Albasar Illa yanzu kwance take.

Na roƙi malamar ta kira mai kamfanin in ba shi haƙuri. Ta ce babu kamfani, mutane ne a ƙasashe daban-daban suke gyara ta kyauta, ta ma rubuta musu, suka amsa da ladabi cewa yanzu manhajar lafiya lau take, abin da aka faɗa mata take faɗa. Wato injin ya warke, ni ne cutar.

Hanya ɗaya ta rage, in tsaya gaban mai gari in rantse ƙarya na yi. Amma shugaban koperatif ya ce ranar da na yi haka duk shaidar da na bayar ta rushe, har ta lambunan zawarawa biyu da bakina kaɗai ya tsayar musu. In yi shiru Illa ya rasa, in yi magana su rasa. Ni ban ga mafita ba, ku me za ku yi?

Shekaranjiya na iske Illa yana ɗibar ruwa da bokiti, tsoho da ciwon baya. Na matso in tsokane shi kamar kullum. Shi ya ɗago ya ce, «Ranka ya daɗe, bawanka ya gaji, ka zo ka karɓi abinka.» Bai yi dariya ba.