Ruwa Ya Wanke Mini Fenti Sau Biyu

Anti, don Allah ki taimaka mini, na gaji. Ni mai fentin gini ne, shekara ashirin da biyu ina aiki a bayan yayana. Shi ne mai duban sama. In ya ce yau kada a buɗe bokiti, ba a buɗewa. Bana ciwo ya kwantar da shi, aiki ya dawo kaina, ni kuwa sai hadari ya haɗu nake ganinsa.

'Yata ta saka mini manhajojin yanayi uku a waya. Ɗaya ta ce rana, ɗaya gajimare, ta uku ta rubuta 40%, ban san arba'in ɗin mene ne ba. Na bi mai cewa rana. Na gama bangon wani bene da azahar, kafin la'asar ruwa ya kece, ina tsaye ina kallon shuɗin fenti yana bin magudana. Sau biyu ke nan. Mai gidan bai yi faɗa ba, ya dai ce in aka kuma zai nemi wani. Yarinyar ta yi mini bayani har sau uku, kunya nake ji in sake tambaya. Wacce zan yarda da ita?

Mai fentin da ya gaji

Sannu, ɗan'uwa. Laifin ba naka kaɗai ba ne, ba kuma na wayar kaɗai ba: hasashe ne, ba alkawari ba.

Fara duba sunan wurin da ke saman manhajar. Sau da yawa wani gari take nunawa, ba unguwar da kake aiki ba. Arba'in ɗin nan kuwa yiwuwar saukar ruwa ce: a ranaku goma irin wannan, huɗu za a yi ruwa. Ga mai fenti, wannan ya yi yawa. Ranar ka yi aikin ciki. Ka riƙa duba hasashen awa-awa da safe, ka sake dubawa kafin ka buɗe bokiti, ka haɗa da sanarwar hukumar yanayi ta ƙasarku. Mako biyu ka gwada ukun da abin da idonka ya gani, ka bar wadda ta fi dacewa, ka goge sauran.

Mai gidan ma yana da gaskiyarsa, bangonsa ne. Gaya masa tun farko cewa akwai ranakun da ba za ka taɓa waje ba. Gara jinkiri da aikin baban giwa. 'Yarka kuma ka tambaye ta karo na huɗu, wayar tana hannunka, kai kake dannawa.

Allah ya ba yayanka lafiya, ya sa albarka a sana'arka.