Haƙarƙarin Inna a Ƙaramin Murhu

Lahadi, kashegarin Layya, bayan isha'i

Yau na gasa haƙarƙari da hannuna, kuma alhamdulillahi ya yi.

Maƙwabta ne suka aiko mana da na sa, mai tsoka da kitse. Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana Malam, kuma tun ranar mahaifiyarsa Inna ba ta sa nama a baki ba, sai kunu, shi ma da lallashi. Duk ta rame. Shi kaɗai ya iya gasa mata yadda haƙoranta za su iya.

Na ɗauko ƙaramin murhun ƙasar da ya sayo a Mirriya. Yayata Zuwaira ta ce, "Ke Habi, a wannan ɗan murhun shayin? Ƙonawa za ki yi, ki yi farfesu ki huta." Na ce shekara ashirin ina riƙe masa mafici, ai idona ba a rufe yake ba.

Na bari garwashin ya yi farar toka, na ture shi gefe guda. Na kwantar da naman a kan raga, ƙashi a ƙasa, na kifa wata tsohuwar tasa a kansa. Tun azahar har la'asar sakaliya ina ƙara gawayi ɗai-ɗai. Da ƙamshin ya tashi na ɗan yi kuka, na ce wa Zuwaira hayaƙi ne.

Na yayyaga na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallo kafin ta ɗauka.

"Ɗiyata, gishiri ya yi yawa," in ji ta. "Shi ma haka yake yi."

Sai ta jawo kwanon kusa da ita.

Na rufe mata sauran na gobe. Gishirin kuwa ba zan rage ba.