Abin da Ke Cikin Idon Inna

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya kuma sanyin ɗakin nan naku da ake shiga a naɗe kamar ƙunshi? Inna tana gaishe ki.

Albishirinki, an yi wa Inna aikin ido. Wani ne ya fasa zuwa, likita ya ce mu maye gurbinsa. Na ɓoye miki ne don na san halinki, da ba za ki yi barci ba. Ya saka mata ɗan bututun nan mai tsiyaye ruwan da ke taruwa a ido, don kada na dama ya bi na hagu da ya riga ya mutu. Da na ga sunan kamfaninku a kwalin sai na tare shi na ce, "Likita, yayata ce ke auna hudojin abin nan." Ya ce madalla, amma in matsa masa daga hanya.

Inna kuwa babu wanda ta bari. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta nuna ido ta ce, "Aikin 'yata ne a ciki." Jiya ta leƙo shago ta ce ɗinkin wuyan rigar da ke hannuna ya karkace. Kuma ya karkace ɗin.

Ƙanenki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kuna lafiya. Ka karanta wannan inda Inna ba ta nan, kuma kada ka kira ni. Ka san kunnenta, ko numfashinka ya canza sai ta ji.

Na karanta wasiƙarka. Bari in gaya maka yadda aikinmu yake. A bakin bututun akwai hudoji da suka fi silin gashi ƙanƙanta. Idan sun fito zagaye sumul, ruwa zai wuce. Idan gefensu ya yi zigi-zigi, datti zai maƙale har su toshe. Ido ba ya ganinsu, sai madubin ƙara girma ya ɗauki hotonsu, kwamfuta ta bi gefen kowace huda da layi, ta faɗi yadda ta kauce wa da'ira.

Makon jiya na tsaya gaban allon ina jiran abokiyar aikina, hotuna suna wucewa. Sai ga wata huda ta fito a yage, kamar hudar maɓallin da almakashi ya zarce. Ina kallo layin ya fara zagaya ta, ya kasa haɗewa, kwamfutar ta tsallake ta ta wuce. Ba ta ce mummuna ba ce. Ba ta ma ƙirga ta ba. An tsara ta ne a kan cewa duk abin da layi bai rufe ba ƙura ce ta hau madubi, a yi watsi da hoton. Ka gane? Mafi munin hudojin su ne ba ta gani, mu kuma muna ta murna sakamako yana fitowa tas.

Na kai wa Oga, an tsayar da aiki. A lokacin ina ta hamdala a raina cewa aikin Inna sai wata mai zuwa.

An ba ku kati bayan aikin. Ka rubuto mini lambar rukunin bututun da ke jiki. Ka je wajen likita ka gaya masa abin da na ce. Sannan ka sa ido: in ta ce kanta na sara, ko tana jin amai, ko tana ganin zobe kala-kala kewaye da fitila, ruwan ne ya taru. Kada ka tsaya neman takalmi, ku tafi asibiti.

Yayarki da ke cikin tsoro,
Yaya

Yaya,

Salam. Ko gaisuwar kirki na kasa, ki yi haƙuri. Har "yayarki" kika rubuta mini, na san ba a hayyacinki kike ba.

Ga hoton katin nan na haɗo miki. Na je wajen likita. Wannan karon bai ce in matsa ba, kujera ya ba ni. Ya auna idon, ya ce yanzu dai lafiya lau. Na ce to a cire abin mana. Ya ce, "Malam tela, ba aljihu ba ne da za a farke a sake. Ido ɗaya gare ta, kuma ya sha wuƙa kwanan nan. Cirewar ma tana iya tafiya da shi." Sai dai mu riƙa zuwa awo.

Haushi nake ji, Yaya, ban san wa zan ji wa ba. Ku da digiri cike da ɗaki, babu wanda ya taɓa cewa bari in ga abin da na'urar nan take zubarwa? Ni ko ƙyallen da na yanke sai na duba kafin in share.

Inna ta fara zargi. Ta ce, "Auta, me ya sa kake kallona kamar na ci bashinka? Kuma wannan tambayar ta ciwon kai safe da yamma fa?" Na ce likita ne ya sa. Ta ce likita bai san wadda ta yi abin ba ne.

Ki gaya mini nata ba ya ciki.

Auta

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Faɗanka yana kan hanya.

Lambar tana cikin rukunan da abin ya shafa. Mun dawo da hotunan da aka watsar, muna bin su ɗaya bayan ɗaya da idonmu. Yawancinsu ƙurar ce da gaske. Wasu ba ita ba ce. A rukunin Inna masu kyau sun fi yawa nesa ba kusa ba, amma hoton ba ya ɗauke da lambar bututu, ta rukuni kawai yake ɗauke da ita. Ina duban huda a yage, ban sani ba ko tana cikin shara, ko a sito, ko a idon uwata. Jiya sai da abokiyar aikina ta fitar da ni, don ba a kuka a ɗakin nan, hawaye ma datti ne.

An rubuta wa asibitoci duka. Na karɓi hutu, ina tafe ranar Asabar. Ni zan gaya mata da bakina, kada ka riga ni. Ka gaishe ta, ka ce ina kewarta.

Yaya

Yaya,

Salam. Kada ki jira Asabar.

Da magariba na kunna fitilar falo. Inna ta ɗaga kai ta yi murmushi ta ce, "Kai Auta, yaushe ka sayo wannan kwan mai ado? Dubi zobe, har da kore da ja. Ka ga aikin 'yata, da can ina zan ga wannan?"

Kwan nan ne dai da kika sani.

Muna cikin mota. Tana riƙe da hannuna tana tambaya ina za mu.

Auta