Ku Sako Mini Kwamanda Kafin Juma'a

Enyonam Kpodo,
Gida mai lamba 14, Layin Tsohuwar Kasuwa,
Tsavekope.
Laraba, 15 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Lafiyar Dabbobi,
Majalisar Gundumar Tsavekope.

Yallaɓai,

GAME DA: KAMA KARENA MAI CIWON ƘODA DA SUNAN HAUKA, DA SHIRIN KASHE SHI RANAR JUMA'A, 17 GA MAYU

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce mai suna a sama, tsohuwar ungozoma wadda ta yi wa gundumar nan aiki shekara talatin da ɗaya. Na rubuto ne a kan karena, Kwamanda, mai shekara goma sha huɗu, wanda ke tsare a kejin ofishinka. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ranar Litinin, 13 ga Mayu, da ƙarfe goma na safe, ina coci wajen taron mata, ma'aikatanka uku ƙarƙashin Mista Worlanyo Ahiable suka zura wa Kwamanda igiya a wuya a ƙofar gidana, suka ja shi a ƙasa har mota. Wai an kai rahoto yana tangaɗi, miyau na zuba. Bai ciji kowa ba. Da me zai yi cizon? Haƙora huɗu suka rage masa, biyu ma girgiza suke yi.

2. Kwamanda ba mahaukacin kare ba ne. Tun watan Oktoban bara Dakta Yawa Nutsugah, likitar dabbobi, ta tabbatar ƙodarsa ta gaza. Miyan na tashin zuciya ne, tangaɗin na rashin ƙarfi. Kowace safiya ni da hannuna nake yi masa ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, in dafa masa shinkafa da farin ƙwai babu ko ƙwayar gishiri, in ba shi a cokali idan ya ƙi ci. Wata bakwai ke nan ban kwana a wani gari ba saboda shi, har bikin jikata ban je ba, kuma ban yi da-na-sani ba.

3. A ranar, da ƙarfe ɗaya, na kai wa Mista Ahiable katin allurar rigakafi da takardar likita. Ko buɗewa bai yi ba. Ya kira ni Daavi, wato inna, ya ce in je in huta, tsufa ya sa na mai da kare miji, kuma shi ya fi ni sanin hauka. Sauran suka bushe da dariya. Yallaɓai, da hannun nan na karɓi haihuwar wannan yaron, na san ranar da uwarsa ta yi kwana biyu tana naƙudarsa. Ban faɗa masa ba, domin ina girmama ofishinka, amma raina ya ɓaci matuƙa kuma har yanzu bai huce ba.

4. Ranar Talata, 14 ga Mayu, aka bar ni na leƙa shi ta ragar kejin. Na same shi kwance cikin amansa. A gabansa akwai ragowar kenke, wato dokunu, da busasshen kifi mai gishiri, abin da yake guba ne gare shi. Babu ruwa a kejin. Da na tambaya, aka ce ai mahaukacin kare ba ya son ruwa, don me za a ɓata? Na zuba masa na gorata ta ƙasan ƙofa, ya ja jiki ya lashe siminti har ya bushe, a gaban ma'aikatanka. Ban san wace shaida kuma ake nema ba. Na roƙi a bar ni in yi masa ƙarin ruwa, aka ce doka ta hana taɓa shi. Yau kwana biyu ke nan ba a yi masa ba.

5. A nan ne aka sanar da ni, da baki, ba a rubuce ba, cewa ranar Juma'a za a kashe shi a yanke kansa a aika gwaji. Wato sai an sare kai sannan a bincika ko yana da laifi. Wannan ba aiki ba ne, Yallaɓai, ganganci ne da rashin imani, kuma ina faɗa ne da sanin cewa takardar nan za ta shiga fayil.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman:

(a) a dakatar da umarnin Juma'a nan take;

(b) a bar Dakta Nutsugah ta duba shi yau, ba gobe ba;

(c) a mayar mini da shi. Idan ana son a sa masa ido, a sa masa a gidana, zan kulle ƙofa in sa hannu a duk takardar da aka kawo.

Ba na yaudarar kaina. Likita ta gaya mini makonni suka rage masa, kuma kwanakin nan a kejinku sun ci wasu daga ciki. Ba warkarwa nake nema a wajenka ba. Mutuwa zai yi, na sani, na kuma shirya. Ina so ne kawai ya mutu a gida, a wanke, da kansa a jikinsa, yana jin muryar da ya sani. Gobe da ƙarfe bakwai zan kasance a ƙofar ofishinka da bargonsa, kuma ba zan koma da bargon shi kaɗai ba.

Ka huta lafiya, Allah ya taimake ka ga yin daidai.

Taka cikin girmamawa,

Enyonam Kpodo
(Ungozoma mai ritaya)