Ɗakin Inna da Masu Ƙafa Takwas

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya ciwon bayan nan naki? Allah Ya ƙara sauƙi, ki kuma rage tsayuwar nan mai tsawo a wurin aiki. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. 'Yan biyu sun shiga aji huɗu, ƙafafunsu sun fi ƙarfin takalman bara, ɗinki kuma yana tafiya daidai gwargwado. Inna jiki da sauƙi sosai. Hannun hagu da ƙafar ba su tashi ba tukuna, amma bakin ya saki, har ta fara yi mana faɗa a kan gishirin miya, wanda kin san a wurinta alamar lafiya ce.

Ƙanenmu ya gaya miki a waya cewa Inna ta dawo wurina, amma bai gaya miki da ƙyar aka sha ba, don shi ma bai sani ba. Da aka kusa sallamarta daga asibiti, likita ya ce tana bukatar ɗaki a ƙasa kusa da banɗaki, da wanda zai riƙa juya ta yana ba ta magani a kan lokaci. Gidan ƙanenmu bene ne, shi da matarsa kuma in sun fita tun safe sai yamma. Ni ce ke wuni a gida kan keken ɗinki, don haka na karɓi jinyar hannu bibbiyu. Sai dai ɗakin da ya dace guda ɗaya ne, wato na bayan nan da muke jibge kwalaye da tsofaffin katifu, wanda rabona da taka cikinsa shekara biyu. Ba sai na faɗa miki dalili ba. Ke kika sa min suna Sarkin Ihu, ke ce kuma kika yi ta barin aikinki kina rugowa da tsintsiya duk sa'ad da na hango gizo-gizo na ƙwala miki kira. To, ga furfura ta fara leƙo min, amma hali yana nan. In na ga ƙafafun nan takwas, sai ihu da gudu. Na rasa wanda zan gaya wa cewa ina tsoron kada in kasa shiga ɗakin da uwata ke kwance, har a mayar da ita bene ta riƙa wuni ita kaɗai saboda wani ɗan ƙwaro.

Tun da kika yi nisa, maigidan ne ya gaje ki. Shekara goma sha huɗu tsarinmu ɗaya ne: in yi ihu, ya ɗauko takalminsa na roba, ya shiga ɗakin ya rufo ƙofa wai kada abin ya gudo inda nake, in ji tas, tas, tas, ya fito yana kaɗe hannu ya ce an gama da shi. Mutumin da ke kayar da bijimi a mayanka tun kafin a karya kumallo, wa zai yi shakkarsa? Har yabonsa nake yi a gaban maƙwabta.

Ana saura kwana biyar Inna ta zo, muka kira wani tsohon kafinta ya cire ƙofar ɗakin don a faɗaɗa hanyar, keken da ake tura ta a kai ya samu shiga, muka rataya labule kafin ya gama. Da hantsi na leƙa daga nesa, sai ga wani ƙato a saman taga. Na yi abin da na saba, maigidan ma ya yi abin da ya saba, ya shige da takalmi ya saki labule. Allah da ikonSa, iska ta ɗage labulen. Yaya, me zan gani? Bawan Allah yana tsaye daf da bakin ƙofa, ya runtse ido, ya kawar da kai gefe, yana ta dukan bangon da ko ƙuda babu a kansa. Gizo-gizon kuwa yana can ƙarshen ɗaki abinsa, ko motsi bai yi ba. A nan na gane baƙin tabon da ke gefen ƙofar kowane ɗaki a gidan nan, wanda nake sa soso ina gogewa ina yamutsa fuska, ina zaton gawa ce. Ashe sawun takalmi nake wankewa duk shekarun nan.

Da ya buɗe ido muka haɗa ido, ya ma kasa ɓoye takalmin. Ya zauna a kan kwali ya ce shi ma tun yana yaro bai ƙi jinin komai kamar su ba, gara a ba shi sa mai tunkuyi ya riƙe. Wai a makon farkon aurenmu na yi ihu na dube shi da wani irin ido, ya ga ba zai iya ce min shi ma gudu yake so ya yi ba, daga nan kuma abin ya zama jiki. Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace min, muka yi ta yi har hawaye. Da na natsu sai wani tunani ya zo min. Duk waɗanda nake zaton sun mutu, ashe tare muka zauna da su da 'ya'yansu da jikokinsu, ina barcina lafiya, babu wanda ya taɓa ko cizona. Wallahi wannan ya sanyaya min rai fiye da duk lallashin da aka taɓa yi min.

Kafintan yana tsakar gida yana feƙe katako, duk ya ji mu. Bai yi mana dariya ba, Allah Ya saka masa. Ya ce a sana'arsa kullum tare suke wuni, mafi yawansu sauro da ƙuda suke nema, mutum kuwa gudunsa suke yi. Ya ce mu fitar da kwalayen, mu toshe tsagar bango, ya sa mana raga a taga, mu riƙa bin kusurwoyi da doguwar tsintsiya duk mako. Sannan ya karɓi kofin gilashi da guntun kwali, ya kife kofin a kan ƙaton nan, ya zura kwalin ta ƙasa, ya fita da shi bayan katanga kamar mai kai wa baƙo ruwa. Ni da maigidan muna rakuɓe a jikin bango, kowa yana ƙoƙarin ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

Kada ki yi min dariya, a teburin ɗinki na fara koyo. Na dunƙule baƙin zare na bar masa saƙe-saƙe kamar ƙafafu, ina kife masa kofi ina zura kwali, sau ashirin a wuni, har hannuna ya saba. Daga nan na fara tsayawa a bakin ɗakin ina jan numfashi a hankali, washegari na shiga taku uku, a rana ta uku na share rabi. Maigidan ya kwashe katifu, ni na wanke ƙasa. Ranar da aka kawo Inna ɗakin fes yake, da sabon labulen da na ɗinka mata, amma gaskiya ko mai rai guda ban taɓa kamawa ba.

Sai ranar Talatar da ta wuce. Da azahar, yara suna makaranta, maigidan yana kasuwa, na shiga da magani da kofin ruwa. Inna tana kwance ido a rufe, ga wani matsakaici a kan bargo, yana tafiya a hankali wajen hannunta na hagu, hannun da ba ta iya ɗagawa. Ƙafata ta ce in juya, amma na dubi hannun nan da ya goya mu duka yana kwance ba shi da ikon korar komai. Na juye ruwan a tasa, na ɗauki katin asibitinta da ke kan tebur, na kife kofin, na zura katin. Ina jin motsinsa ta cikin gilashi har cikin haƙorana. Na fita da shi, na sake shi bayan katanga.

Da na dawo na tarar idon Inna biyu. Ta ce tun yana wajen gwiwarta take kallonsa, ta ƙi kirana don ta san halina, da ta ji shigowata kuma sai ta rufe ido tana tunanin wa yarinyar nan za ta kira yau, ga Yayarta can a wata uwa duniya. Sai a lokacin na lura ko ihu ban yi ba. Ta kama hannuna da na damanta ta riƙe tsawon lokaci, sannan ta tuna min ban kawo wani ruwan maganin ba. Har yanzu ba sonsu nake yi ba, kada ki zaci na zama jaruma. Amma ina shiga ɗakin sau goma a wuni ba tare da na fara duban rufi ba, raina kuma a kwance yake. Yanzu ma in maigidan ya hango ɗaya, gyaran murya yake yi ya miƙo min kofi.

Ki gaishe min da maigidanki, da Babba mai karatun likita, da Gajere, da Auta sarkin rigima. 'Yan biyu suna gaishe da Gwaggonsu, ƙanenmu da matarsa ma haka. Maigidan yana gaisuwa, ya roƙe ni kada in rubuta zancen takalmi, na ce masa to. Inna tana sa miki albarka. Ita ce ma ta sa ni zaman rubutun nan, ta ce in shaida miki ki ajiye tsintsiyarki ki huta, an sallame ki daga aiki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Sarkin Ihu mai murabus