Ƙoƙon Iya Tabawa

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau aka nuna kashin ƙarshe na shirin Garin Ƙarƙashin Tafki. Rabin matan gidan nan a falonmu suka kalla, mu kaɗai muka tada janareta. Anti Magdalene ta ɗakin da ke kallon namu tana gefena, 'yata Nazeefa a cinyarta. Wata da watanni muna alfahari da ita, maƙwabciyarmu a talabijin, Iya Tabawa mai rainon ɗan sarkin aljanun ruwa. Ashe ita ce mayyar da ake ta nema tun farkon shirin. Ta goya yaron tana rera masa waƙar barci, idanunta suka koma ja, ta zuƙe kurwarsa ta rufe a ƙoƙo. Nan aka yanke.

Kowa ya juyo yana kallonta. Ni na fara dariya, na kai mata duka a kafaɗa na ce, "Muguwa, shi ne ko ki gaya mana." Ta ce darakta ya hana. Maman Glory ta miƙe ta ja 'ya'yanta, ko sai da safe babu.

Waƙar dai ita ce wadda take yi wa Nazeefa kullum in na tafi aiki. Ta kakarta ce, ita ta ba masu shirin.

Litinin, 9 ga Satumba

Daga Kubwa har Garki maganar ke nan a bas. Wani mutum ya rantse wai wannan kallon da ta yi wa yaron ba a koyonsa, sai wanda ya gada. Na ce Malam, matar nan tsoron kyankyaso take ji, na santa. Wata ta juyo ta ce, "Kin santa? To ki riƙe azkar." Har kwandasta ya sa baki. A ofis ma an dame ni. Mutane da digirinsu.

Laraba, 11 ga Satumba

Na dawo na tarar da Anti Magdalene ta yi kuka. An sa hotonta a waya, ana ta zagi, wasu har da tambayar unguwar da take. Mai kayan miya ya ƙi karɓar kuɗi daga hannunta, wai ta ajiye a kan tebur. Ta ce min, "Maman Nazeefa, acting ne fa. Idon nan computer ne ya yi. Ni ko kaza ba na iya yanka shi."

Ƙoƙon wasan yana kan talabijin ɗinta, sun bar mata na tunawa. Maman Glory ta hango shi ta taga, yanzu duk gidan an sani. Na ce ta ɓoye. Ta ce in ta ɓoye ai ta amsa laifi ke nan. Gaskiyarta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Matar da ta riƙe min yarinya tun tana wata huɗu, ko sabulu na kai mata sai mun yi faɗa kafin ta karɓa.

Alhamis, 12 ga Satumba

Jikin Nazeefa da zafi. Sauro ne, damina ce.

Juma'a, 13 ga Satumba

Ban je aiki ba. An auna jini a asibiti, maleriya ce, an fara allura. Mijina Hafizu ya kira mahaifiyarsa ya gaya mata, ban san wa ya aike shi ba. Hajiya ba ta taɓa barin shirin ya wuce ta a Zariya ba, kuma ta san wa ke rainon jikarta. Gobe tana hanya.

Asabar, 14 ga Satumba

Hajiya ta iso da la'asar. Kafin ta ajiye jaka Maman Glory ta tare ta a bakin famfo, coci da masallaci yau baki ya zo ɗaya.

Zazzaɓin ya ƙi sauka. Yarinya tana firgita, ido a rufe, tana kiran "Anti Magda, Anti Magda." Hajiya ta dube ni ta ce, "Kin ji ko, Batulu? Wanda aka kama ai sunan mai kamun yake kira." Na ce Hajiya, wurinta take wuni, wa za ta kira? Ta ce ba da ni take ba. A kira matar ta tsallaka yarinyar, haka ake yi, in maye ya tsallaka wanda ya kama sai ya saki kurwar. In ta ƙi, gobe su je wurin Baba Yamusa mai gidan, ta bar gidan nan.

Hafizu ya sunkuyar da kai yana danna waya. Na ce Abban Nazeefa, ka yi magana mana. Wai a bi Hajiya a hankali. Da na samu abin jifa da na jefe shi.

Anti Magdalene ta ƙwanƙwasa da magariba, ta kawo kunun gyaɗa. Na karɓa a bakin ƙofa na ce yarinya na barci. Ba ta yi barci ba. Ina jin Anti Magdalene ta ji muryarta.

Lahadi, 15 ga Satumba

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi Nazeefa ta sanƙame, idanu suka juye. Na yi ihu. Hafizu ya fita neman mota, gida ya cika. Hajiya tana salati tana cewa a kira ta, a kira ta. Ba wanda ya kira ta, da kanta ta shigo, da kayan cocinta da ɗankwali, Littafi Mai Tsarki a hannu. Mata suka dare.

Ba ta kalli kowa ba sai ni. Ta ce, "Maman Nazeefa, ke ma kina so in tsallaka?"

Kalma ɗaya ce. A'a. Ina da ita a bakina. Na kalli yarinyar a kan tabarma, na kalli ƙasa.

Ta jira ni. Wallahi ta jira.

Sai ta cire takalmi, ta tattare zaninta, ta tsallaka, ta dawo, ta sake. Hajiya ta ce saura ɗaya, ta cika. Ta durƙusa ta taɓa goshin yarinyar ta ce, "Ku kai shi asibiti, jikin ya yi zafi too much." Ta ɗauki takalminta a hannu ta fita.

An ba mu gado. Likita ta ce zafin zazzaɓi ne ya sa ta sanƙame, yara suna yi, an sauya magani an sa ruwa.

Talata, 17 ga Satumba

Nazeefa ta sha shayi, ta nemi 'yar tsanarta. Alhamdu lillahi.

Hajiya na gaya wa 'yan dubiya tsallake ne ya yi aiki. Na ce maganin likita ne. Ta ce to me ya sa bai yi ba sai bayan an tsallaka? Na san amsar, an sauya magani ne. Na sani sarai.

Asabar, 21 ga Satumba

Mun dawo gida, Hajiya ta koma. Yanzu da aka ga "ta saki", ba mai shakka kuma. Yara ba sa bi ta ƙofar Anti Magdalene. Baba Yamusa ya ce shi bai kori kowa ba, amma na ga kwalaye a barandarta. Mun haɗu wurin shanya, ta ce, "Ya mai jiki?" Na ce da sauƙi. Na tsaya ina neman abin da zan ƙara, ta kwashe kayanta da sauran danshinsu.

Alhamis, 26 ga Satumba

Na sa Nazeefa a gidan rainon yara na bakin titi. Ba don komai ba, ta isa ta fara koyon karatu, kuma Anti Magdalene na fama da haɗa kaya, ƙarshen wata za ta koma wurin ƙanwarta. Zan shiga mu yi magana kafin ta tafi. Gobe, in na dawo da wuri.

Fulas ɗin kununta yana nan a kicin, na wanke. Kunun ya lalace ne muna asibiti, shi ya sa na zubar. Ko tun ranar Asabar ɗin na zubar? Na manta.

Ɗazu ina yi wa Nazeefa wanka ta fara rera waƙar barcin nan. Na ce ta yi min shiru. Ta kalle ni, ta ci gaba a hankali, na daka mata tsawa har ta yi kuka.

Kaina ne ke ciwo, shi ke nan.